Ranar da Hajiya Jumai Ta Hau Babur ɗin Surukinta

Duk Azare an san Hajiya Jumai da kunya. Sunan surukinta Bappayo bai taɓa fita daga bakinta ba, in ya shigo gaisuwa bango take kallo. To, wata Laraba, shekara shida ke nan, ciwon ciki ya murɗe ta da hantsi, gida ba kowa sai shi. Ya ɗora ta a babur. Ita ta ce Misau za a kai ta, kada 'yan unguwa su gani. Ta rufe fuska da mayafi, ta ƙanƙame ƙugunsa har asibiti.

A hantsin nan aka yi fashin shanu a hanyar Disina, wani ya rantse ya ga Bappayo. Bappayo ya ce yana Misau da surukarsa. Aka tsayar da Hajiya a kotu, maza cike, har da limamin unguwa. Ta ce ranar ko zaure ba ta leƙa ba. Shekara goma sha huɗu aka yanke masa.

Tun daga nan tuwo bai ƙara yi mata daɗi ba. 'Yarta Zulaiha, matar Bappayo, takan dawo daga gidan yari ta ce, "Inna, yana gaishe ki." Gara zagi da gaisuwar nan.

Bana sai ga ɗalibai biyu masu karatun lauya, Jamila da Emmanuella, irin masu tono tsofaffin shari'o'i.

"Hajiya, mun je Misau," in ji Jamila. "Rajistar asibitin ta shekarar, gara ta cinye ta."

"Allah sarki. Ku sha fura."

"Mama, furar nan ta uku ke nan muna sha," in ji Emmanuella. "Surukin naki fa cewa ya yi mu ƙyale ki, wai kada a kunyata ki."

Ludayi ya kuɓuce wa Hajiya. Ta shiga ɗaki, ta sauke kwanonin jere har na ƙasa, ta fito da katin asibiti, kwanan wata raɗau a jiki.

"Alƙali zai tambayi yadda kuka je, Hajiya," in ji Jamila.

"A babur."

"Wa ya tuƙa?"

Ta kalli bango, ta kalli Zulaiha a bakin murhu.

"Bappayo," ta ce. "Da hannu biyu na riƙe shi. Rubuta, 'yar nan."