Soket a Daɓen Masallaci

Gado ya koyi wayarin, wato aikin haɗa wayoyin lantarki, a Jega, kuma ya iya, wannan ba a musu. Aikin da ya ɗaga sunansa shi ne na wani coci a Sabon Gari. Masu cocin sun gaji da wayoyin lasifika da na kayan kiɗa suna jan ƙasa mutane na tuntuɓe, sai ya haƙa daɓen ya binne musu soket a ciki. Ya bi ƙa'idar aikin sak: akwatin ƙarfe wanda aka ƙera don ƙasa, murfin tagulla mai roba a baki, wayar da ke kwashe ɓatacciyar wuta zuwa cikin ƙasa, sannan bireka, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa da zarar wuta ta fara bin inda bai kamata ba. Ya ɗauki hoton aikin a salula. Duk wanda ya zauna kusa da shi wurin mai shayi sai ya ga hoton nan, ko yana so ko ba ya so.

A haka Alhaji Attahiru ya gani. Alhaji dillalin albasa ne, shi ya sabunta rufin masallacin unguwarsu Gado a Danwarai, kuma azumi na matsowa cikin tsananin zafi. Ya ce yana son fankoki masu tsayuwa a tsakanin sahu, kuma ba ya son ganin waya ko ɗaya a kwance. Gado ya amsa tun kafin Alhaji ya rufe baki, don ladanin masallacin nan Malam Idris ne, mahaifinsa, mutumin da bai taɓa yabonsa a gaban jama'a ba, bai ma taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne. Gado na son tsohon ya ga aikinsa kullum, a ƙarƙashin ƙafarsa.

Aiki ya yi kyau, tagulla na walƙiya a jere. Abin da bai tsaya ya tuna ba, shi da ya tashi yana ɗebo ruwan wankin masallacin nan, shi ne cewa a coci da takalmi ake shiga, kuma tsumma mai ɗan laima suke goga wa daɓe. A nan kuwa mutum daga alwala yake fitowa, ƙafa tsirara tana ɗiga. Ranar Alhamis da safe kuma Malam Idris naɗe tabarmi yake yi, ya tattare wando, ya sheƙa bokiti bayan bokiti tun daga wurin liman, ya bi ruwan da tsintsiya har bakin ƙofa. Ga shi murfin tagulla ba ya rufuwa in an soka fanka, kuma wa zai tsaya cire fanka a zafin nan?

Sai bireka ta kama aikinta. Ruwa na shiga, ta faɗi. Fankoki su tsaya cak, lasifika ta mutu a tsakiyar tafsiri, malami ya ci gaba da motsa baki na baya ba sa jin komai. Magana ta fara yawo daga rumfunan albasa har tasha: wai ɗan ladan ya yi wa Kirista aiki mai kyau, da ya zo gida ya yi na jeka-na-yi-ka. Alhaji ya kira shi ya wanke shi tas. Gado ya yi ta bayani cewa faɗuwar birekar ita ce amfaninta, amma bayani ba ya kaɗa iska. Ya roƙi mahaifinsa ya koma goge daɓen da tsumma. Tsohon ya ce to. Gado ya san irin wannan to ɗin, amma ya hau babur ya koma Jega.

Can kuma ƙorafin ya ɗauke. Ba kira, ba saƙo. Wani ma ya gaya masa a kasuwa cewa fankoki na juyawa ba tsayawa. Ransa ya yi fari, ya ce a zuciyarsa ashe tsoho ya ji magana.

Wata Alhamis da hantsi, zai tafi wani aiki Maiyama, ya ce bari ya fara biyawa gida ya gaida su. Tun daga ƙofar masallaci ya ga ruwa na gangarowa kan matakala. Ya leƙa. Fankoki na juyawa, daɓe ya cika da ruwa, mahaifinsa na tsakiya da tsintsiya. Tafiyar tsohon ce ta tsayar da shi: in ya matso kusa da tagullar sai ya ɗage ƙafa da sauri, ya yi ɗan tsalle kamar mai taka yashi da tsakar rana, ya ci gaba da shara.

Gado bai san lokacin da ya isa akwatin wuta ya kashe babban makunni ba. Da ya buɗe, ga bireka a wurinta, amma an tsallake ta da guntun waya an murɗe da hannu, yadda ko ta faɗi wuta ba za ta yanke ba. Tsoro ya kama shi.

"Baba, wa yat taɓa wanga?"

Malam Idris ya jingina tsintsiya. Ya ce shi ya kira wani mai gyaran janareta daga Aliero ya haɗa ta kai tsaye, ba da sanin Alhaji ba, ba da sanin kowa ba. Ya ce ya gaji da jin abin da ake faɗi a bakin masallaci.

"Wutar tana ɗan cizo dai, in na kusa," in ji shi. "Na san wurarenta. Ba ka ji yanzu kowa ya yi shiru ba?"

Gado bai je Maiyama ba ranar. Ya aro guduma da kurfi, ya tone akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya zare wayoyin, ya kwaɓa siminti ya cike ramukan. Jama'a suka taru suna kallo. Alhaji Attahiru ya iso ya ce daman ya faɗa, aikin banza ne, ga shi mai shi ya tabbatar da hannunsa. Wasu suka yi dariya. Gado bai ce uffan game da guntun wayar nan ba, yana cikin aljihunsa. Fankokin ya mayar da su jikin bango, wayoyinsu a sama, a fili, yadda kowane ƙaramin mai wayarin zai yi.

Har yau a Danwarai in aiki ya lalace sai wani ya ce an yi irin na ɗan ladan, kuma ba a sake kiransa ko don sauya ƙwan fitila a garin ba. Hoton ma ya daina nunawa.

Alhamis ta zagayo, Gado ya zo da sassafe ya zauna a bakin ƙofa ba tare da wani dalili da zai iya faɗa ba. Malam Idris ya naɗe tabarmi, ya tattare wando, ya sheƙa ruwa. Da ya iso wurin facin siminti na farko sai ƙafarsa ta ɗaga da kanta, ya yi ɗan tsallen nan, sannan ya tuna. Ya sauke ta a hankali, ya taka wurin sosai, ya ce wa Gado, ba tare da ya dube shi ba, ya miƙo masa ɗayan bokitin.