Baƙon da Ya Sauka a Lambun Edna

Masu kallon tsuntsaye mutane ne masu ladabi, har zuwa ranar da baƙon tsuntsu zai sauka a gari. Ran nan kam sai ka ga dattijo da furfurarsa, wanda ko ƙuda ba ya iya kashewa, yana tsallake shingen mutane yana haki, ya manta da sallama.

Clive Purvis ɗaya ne daga cikinsu, kuma ba ya jin kunyar hakan. Tun da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, hunturu ya zama kakarsa. Da safe ya cika filas da shayi, ya rataya madubin hangen nesa, ya gangara gaɓar teku ya tsaya cikin iskar nan mai yanka kunne yana kallon agwagin da sanyi ya koro daga arewa. Mutanen ƙauyen Howburn sun daɗe da yanke hukuncin cewa ba shi da cikakken hankali, amma suna son sa a haka.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan Edna Rutherford da mijinta Norman. Dukansu sun haura tamanin. Norman ya kamu da ciwon mantuwa, wasu ranakun ma Edna kanta sai ya tambaye ta ko 'yar gidan wa ce. Baƙuwar fuska na firgita shi, hayaniya na haukata shi. Abu ɗaya ke kwantar masa da hankali: kujerarsa a gaban tagar kicin, inda yake wuni yana kallon tsuntsaye suna cin tsabar da Edna ke zuba musu a lambun baya. 'Yarsu Gillian, da ke aure can a birnin Leeds, ta riga ta nemo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi, ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in aka sake samun wani tashin hankali, to za ta ɗauke shi. Edna ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Duk ƙauyen ya san wannan rigima, Clive kuwa ya fi kowa sani, don ta katanga yake jiyo ta.

Wata safiya da ƙasa ta daskare, Edna ta leƙo ta kan katangar da ƙaton mayafin ulu a wuyanta.

"Kai yaro, zo ka gaya mini wane ɗan iska ne wannan yake hana 'ya'yana cin tuffa."

Clive ya ba sittin baya, amma a wurin Edna yaro ne. Ya zagaya ya shiga kicin ɗinta, ya gaida Norman, ya ɗaga madubinsa. A kan ciyawa, kusa da ruɓaɓɓun tuffa da Edna ta yayyanka, ga wani tsuntsu mai launin toka a baya, cikinsa fari, maƙogwaronsa baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a tawada. Clive ya saki baki. A littafi kawai ya taɓa ganin irinsa. Ɗan Sibiriya ne, wanda ya kamata a ce yana can gabas mai nisa yana shan rana, iska ta ɓatar da shi ta yar da shi a lambun tsohuwa.

"Na san wannan kallon," in ji Edna. "Rufe bakinka kada ƙuda ya shiga. Mai tsada ne ko?"

"Edna, akwai mutanen da za su tuƙo mota tun daga Landan saboda shi."

"To su tuƙa ta su wuce." Ta rage murya, ta nuna mijinta da haɓa. "Dube shi. Tun da abin nan ya zo yake murmushi. Jiya har sunana ya kira. In ka tara mini mahaukatan abokanka a nan, ka san abin da Gillian za ta yi. Kai kaɗai na nuna wa, don kai na gida ne."

"Ba wanda zai ji daga bakina."

"Na ji. Sha shayinka."

Ba ma sai ta roƙa ba. Doka ce a wurinsu, duk da ba a rubuce take ba: tsuntsun da ya sauka a gidan mutum, ba a shelarsa sai mai gida ya yarda. Sai dai akwai wata dokar, ita ma ba a rubuce ba, kuma ta fi cizo. Wanda ya taɓa kiran ka ka ga baƙon tsuntsu, ba ka ganin naka ka ɓoye masa. Wanda ya yi haka, har ya mutu ana nuna shi da baki.

Clive kuwa akwai wanda ya taɓa kiran sa. Barry Nesbit, abokinsa mai gyaran famfo, ya taɓa ficewa ana tsakiyar liyafar bikin 'yarsa, da furen biki a ƙirji, ya ɗauko Clive a mota suka je ganin wata mujiyar ƙanƙara kafin ta tashi. Matar Barry ba ta yafe ba har yau.

Clive ya daure kwanaki. Ya riƙa kallon baƙon ta tagar benensa, maganar na cin sa a ciki. Ranar da suka haɗu da Barry a gaɓar teku, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna kallon agwagin da suka gani sau dubu, Barry ya tofar da yawu.

"Wannan hunturu banza ne. Ko fuka-fuki ɗaya na kirki ban gani ba." Ya juyo ya ƙare wa Clive kallo. "Kai kuma me ya same ka kake ta sheƙi kamar wanda ya ci nama a ɓoye? Mace ka yi?"

"Wace mace za ta kula ni?"

"To tsuntsu ne. Shege! Tsuntsu ka gani ka yi mini shiru? Ni? Ni da na bar amarya tana kuka?"

Da Clive ya yi dariya ya ce babu komai, da shi ke nan. Amma gaskiyar magana, ba bashin Barry kaɗai ya buɗe bakinsa ba. Yana so wani ya sani. Yana so a kalle shi a ce shi ne ya fara ganewa. Ya sa Barry ya rantse, Barry ya rantse har da dafa ƙirji. Da yamma ya shigo da shi ta ƙofar baya kamar ɓarawo, suka hau bene. Barry ya ga tsuntsun, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗauki hoto guda, ya ce na ajiyewa ne kawai.

A bayan tsuntsun, cikin hoton, hasumiyar cocin Howburn ta fito ɓaro-ɓaro.

Washegari ƙarar rufe ƙofofin mota ce ta tashi Clive. Ya leƙa ta taga. Motoci sun cika layin har bakin coci, mutane na ta fitowa da manyan na'urorin hangen nesa a kafaɗa. Ya fita da rigar barci a ƙarƙashin kwat, yana roƙo, yana faɗa, yana cewa akwai mara lafiya a gidan. Ba su tafi ba, wa zai tafi bayan ya kwana yana tuƙi? Amma sun ji tausayi. Suka yarda ba za su taɓa ƙofar gidan ba, ba za su yi surutu ba, za su tsaya a lungun baya su leƙa ta kan katanga. Clive da kansa ya jera su, yana jin kamar ya ceto abin da ya rage.

Wannan ladabin nasu shi ya ƙarasa ɓarnar. Norman ya yi soja a ƙuruciyarsa, a inda ba ya son a tambaye shi. Edna ta zaunar da shi a kujerarsa ta ja labule kamar kullum, sai ya ga maza jere a kan katangarsa, cikin kaya kore da ruwan ƙasa, shiru ba mai motsi, kowa ya saita baƙin bututu yana auna tagarsa.

Clive ya jiyo ihun tun daga lungu.

"Kwanta! Kwanta, sun zagaye mu!"

Kafin ya zagayo, Norman ya ture Edna ƙarƙashin tebur, ya fice ta ƙofar gaba da silifas, wai zai nemo ɗauki. Matakalar ƙofar ta daskare. Clive ya same shi kwance a ƙasa, ƙafa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, ya tallafi kansa, tsohon yana rawar ɗari yana tambayar ko yaran rundunarsa sun tsira. Da motar asibiti ta iso, wani daga cikin baƙin ya zo yana tambayar direban ko zai iya kashe fitilar nan mai walƙiya, don kada ta kori tsuntsun. Clive bai taɓa jin ya tsani mutum kamar yadda ya tsani wannan ba, kuma ya san dalili. Kansa ya gani.

Ƙugun Norman ya karye. Gillian ta iso ran nan, fuskarta a murtuke, ba ta ma yi faɗa ba. Daga asibiti kai tsaye aka wuce da shi gidan tsofaffi, Edna ba ta da bakin musu. Abin da ya fi ƙona Clive shi ne godiya. Gillian ta riƙe hannunsa biyu ta ce ba za ta manta da kwat ɗin nan ba. Mai kantin ƙauye ta ƙi karɓar kuɗin burodinsa. Kowa na tsine wa wanda ya watsa hoton, kowa na cewa Allah ne ya sa Clive na kusa. Barry ya kira shi a waya.

"Mutum ɗaya kawai na tura wa, wallahi. Surukina. Ya ce ba zai nuna wa kowa ba."

"Ni ma mutum ɗaya na gaya wa," in ji Clive, ya kashe wayar.

Tsuntsun bai ko girgiza ba. Ya ci gaba da cin tuffarsa har makonni, mutane na zuwa suna tafiya. Clive ya ja labulen benensa bai sake buɗewa ba.

Edna ba ta tuƙi, motar haya kuma ba ta bi ta gidan tsofaffin a lokacin sanyi. Clive ya ce zai riƙa kai ta duk Laraba da Lahadi. Ta ce to. A ziyarar farko ya raka ta har ciki. An zaunar da Norman a keken guragu gaban wata ƙatuwar taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ya rame, an yi masa aski irin wanda bai taɓa yi ba. Edna ta gyara masa kwalar riga, ta ba shi labarin gida, ta ɓare masa lemo. Bai gane ta ba. Ya ce mata ita ma'aikaciya ce mai kirki, ya roƙe ta ta taimaka ta kira matarsa ta zo ta tafi da shi, don ya san tana can tana neman sa.

"Zan gaya mata," in ji Edna. "Tana hanya."

Suka fito. A mota Clive ya sa makulli amma bai tayar ba. Duk daren jiya ya shirya maganar, ya juya ta ya sake juyawa. Ya san za ta zage shi, wataƙila ta mare shi, kuma yana marmarin hakan kamar mai ƙishirwa. Ko ba komai a sauke masa wannan kaya.

"Edna, akwai abin da ya kamata ki sani. Game da ranar nan. Ni ne..."

"A'a."

"Don Allah ki bar ni in..."

"Na ce a'a, Clive." Ba ta kira shi yaro ba. Tana kallon gaba, jakarta a kan cinya, hannuwanta biyu a kai. "Tsufa na yi, ban haukace ba. Mutum nawa na nuna wa?"

Clive ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"In ka faɗa da bakinka, dole in fita daga motar nan, kuma ba zan sake shiga ba. Haka nake, na san halina. Gillian tana Leeds. Ba ni da mai kawo ni wurinsa sai kai." Muryarta ta ɗan karye, ta tsaya har ta daidaita. "Kana so ka faɗa don ka samu barci. Ni ma ina son barci. Riƙe abinka, ni ma ina riƙe da nawa."

Wata ma'aikaciya ta wuce ta gabansu tana tura keken abinci, ta ɗaga musu hannu. Edna ta ɗaga mata, har da murmushi.

"Tada motar, ƙafata ta yi sanyi," ta ce. "Ranar Lahadi ka zo da wuri, da safe ya fi sanin mutane."

Clive ya tada mota.