Jinin Auta

Maigadin asibitin bai gama tambayar katinta ba Gwaggo ta ture sandarsa ta wuce. Ta ce masa ba ciwo ya kawo ta ba, ƙara ta kawo, in kuma yana son jin kaifin bakinta ya biyo ta. Bai biyo ta ba. Mutum ne mai hankali.

Maganar a kan Auta ce, ɗanta na ƙarshe, mai aski a bakin tasha. Ya kai kansa wurin masu gwajin sabuwar allurar rigakafin tarin fuka, bai shawarci kowa ba. Sai ganinsa ta yi da damtse a kumbure, jiki zafi rau, ko almakashi ya kasa ɗagawa. Ya warware, amma suka ci gaba da kiransa suna ɗibar jininsa. Tarin fukan nan kuwa shi ya cinye ubansa a kan idonta, ƙaton mutum ya koma kamar kara. Shi ya sa jiya ta dafa ƙirji ta rantse da Allah ba za ta bar shi ya sake taka asibitin ba. Auta, da gemunsa da komai, bai taɓa tsallake maganarta ba. Yau ce ranar komawarsa, yana can shago ya kashe waya.

Nas ta ce ta zauna a benci. Gwaggo ta ce ta zauna a bencin asibiti iya zaman da za ta yi a duniya. Hayaniyar ce ta fito da likitar da ke kula da gwajin, wata siririya sa'ar 'yarta ta biyu, da tabarau da takalmin da duddugensa ya cinye. Gwaggo ta zayyana mata buƙatunta: a mayar mata da jinin ɗanta, a kuma nuna mata wanda ya zuba masa cutar da ta kashe ubansa.

Ta shirya jin "yi haƙuri", kalmar da ake rufe bakin talaka da ita. Likitar ba ta faɗa ba. Cewa ta yi Auta baligi ne, ba za ta buɗe maganarsa ba sai da izininsa.

"Ni na haife shi, yarinya."

"Na sani, Mama. Zo ki ga abin da muke yi da jinin. Amma ba nasa zan nuna miki ba."

Ɗakin sanyi ƙalau, firji na gurnani ta kowace kusurwa. Likitar ta sa safar hannu ta ɗauko wani ɗan faranti mai ƙananan ramuka a jere, ta kara shi a ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma. Wasu ramukan fes suke. Wasu cike da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda.

Ta ce allurar babu ƙwayar cutar a cikinta, ɗan ɓallin jikinta kawai aka ɗauko, wanda ba ya haihuwa balle ya sa tari. Aka haɗa shi da wani sinadari mai tayar da jiki daga barci, shi ke kawo kumburin da zazzaɓin. A cikin jini akwai ƙwayoyi masu gadi. Su ne suke rugowa wurin da aka soka allurar, su kama ɓallin, su kai shi ga 'yan'uwansu su nuna musu. Daga baya sai a ɗebi jinin mutum, a zuba masu gadin a ramin nan, a sake jefa musu ɓallin. Duk ɗigon da ta gani, ƙwaya ɗaya ce da ta tuna shi ta yi kururuwa.

Gwaggo ta daɗe a sunkuye, ido ɗaya a rufe.

"Wato rigar ɓarawo kuka ba kare ya shinshina."

"Kusan haka. Sai dai kare yana iya gane wari, ya yi haushi, ɓarawo kuma ya wuce da kaya. Haushin muka gani. Kamun ne ba mu gani ba tukuna."

Gwaggo ta ce ai Auta an yi masa allurar tari tun yana jariri, ga tabon nan a kafaɗarsa. Likitar ta ce waccan tana tsare yara, amma ba ta cika riƙe babba ba, shi ya sa ake neman wata. Sai tsohuwar ta miƙe ta yi tambayar da ta hana ta cin abinci tun jiya: wannan ɗin za ta tsare mata ɗa?

"Ban sani ba," in ji likitar.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce wasu ruwan gishiri kawai ake yi musu, don a gwada su da waɗanda suka sami ta gaske, kuma ita kanta an ɓoye mata wane ne wane, kada son zuciya ya shiga aikin. Allurar da ta fara aiki a kanta tun tana budurwa ta ba da ɗige-ɗige masu kyau, ƙarshe ba ta tsare kowa ba, suka share tebur suka sake. Jinin da aka ɗiba ba ya komawa jijiya. Auta kuma yana da ikon fita yau, babu mai binsa gida, illa dai duk wanda ya fita ya tafi da guntun amsar.

Lokacin jinyar mijinta babu mai farar riga da bai ce mata zai warke ba, har wanda ya faɗa yana kallon agogo. Yau ga wata ta dube ta cikin ido ta ce ba ta sani ba, ga ta kuma tsaye a ɗakin sanyin nan tun ƙuruciya tana ƙirga kashin ƙuda saboda 'ya'yan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Gwaggo ta nemi sauran faɗan da ta zo da shi, ta tarar ya yi sanyi. Duk da haka ta gaya mata ta rame da yawa, kuma uwarta ba ta kyauta ba da ta bar ta haka.

Ta sami Auta yana gyara wa wani direba saje. Ya gaishe ta bai ɗago ba. Ta jira ya karkaɗe wa mutumin wuya, sannan ta ce ya rufe shago, ana jiransa a asibiti.

"Rantsuwar fa, Gwaggo?"

"Da bakinka aka yi ta? Wuce."

Ta tsaya har ya shige motar haya. Ita da ta fito neman hakkinta, ga ta za ta koma gida da azumin kaffara a wuya. Ta tsallaka titi wurin mai burodi, ta sayi abin sahur.