Katin da Malam Daso Ya Ɓoye

Ma'aikatan asibiti na saukowa da Malam Daso a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ya janye robar iskar daga bakinsa ya kira maƙwabciyarsa.

"Juwairiyya! Ƙarƙashin dardumata. Kada ki bar wa Maitama."

Kwana tara ya yi, korona ta tafi da shi. Ko wankansa ba a bar 'yan gidajen unguwar Pantai Dalam sun gani ba.

Abin da ta tarar a ƙarƙashin dardumar kati ne guda, irin na akwatunan laburare na da, ya yi ja don tsufa. Sunan wani littafi ne kan rubuce-rubucen ajami, marubuta biyu, Daso a sama, Maitama a ƙasa. Shekara talatin da suka wuce, da aka kwashe bayanan katunan zuwa kwamfuta, Maitama ne shugaban aikin. Ya sa sunansa a layin marubuci, na Daso ya bi iska, aka ƙone katunan. Laburare kuwa kwafa suke daga juna, ba mai buɗe littafin ya duba. Maitama ya zama farfesa, Daso ya tsufa yana manna lamba a gindin littattafai.

Ran Juwairiyya ya ɓaci ƙwarai. Ita ma aikinta ke nan a laburaren, kuma da shi take da izinin zama a wannan baƙuwar ƙasa. Taɓa bayanin littafi ba da yardar shugabanta ba, kora ce. Ranar sadakar uku ta zauna ta mayar da Daso layin marubuci, ta jefa Farfesa can ƙasa cikin mataimaka, ta aika cikin kundin da laburare ke kwafa.

Bayan mako biyu Farfesa Maitama ya bugo waya.

"'Yata, wannan ai mistake ne. Ki gyara, kada ki rasa aikinki."

"Na riga na rasa, Baba. Jiya suka sallame ni."

"To zan sa a mayar."

"A nan, boleh, za ka iya. Amma laburare ɗari da sha ɗaya sun kwafa. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu dalili."

Ya kashe wayar. Ta janyo akwatin tafiyarta ta fara ninke kaya. A barandar Malam Daso, rigarsa na nan a kan igiya, ruwan la'asar na dukanta.