Baƙuwar Ƙarfe Uku a Gidan Hallett

Asabar ta uku ke nan da kafa allon sayarwa a ƙofar gidansa, kuma yau ma Desmond Hallett ya ja karensa ya tsallaka titi zuwa kicin ɗin maƙwabciyarsa Beryl Tapscott. Dillaliyar da ke sayar masa da gidan ce ta kafa masa wannan doka. Ta ce in masu kallon gida za su zo, mai gida ya yi nesa, don ba wanda ke sakewa ya buɗe kabad ɗin mutum alhali mai kabad ɗin na tsaye a kansa. Desmond ba mai musu ba ne. Sai dai iyakar nesan da ya iya yi ita ce tagar Beryl, inda yake hango gidan gaba da gaba.

Gida ne kuwa da ya isa a tsaya a kalla. Ginin dutse ne mai ruwan zuma, tsaye shi kaɗai a filinsa, ba bangon kowa a jikinsa. Shingen ganye ya kewaye shi, bayan lambun kuma makiyayar tumaki ta gangara har rafi. Ta waje yana nan yadda kakan Desmond ya bar shi. Ciki ne ya sake. Tun da matarsa Hazel ta rasu ya ajiye aikin kafinta na mutane, ya duƙufa a kan nasa. Ya fasa bangon da ya raba kicin da ɗakin cin abinci, ya buɗe bayan gidan da gilashi daga ƙasa har sama, ya binne bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe, yadda a tsakiyar hunturu mutum zai taka ƙasa babu safa. Matakalar bene da hannunsa ya sake ta, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. A sama ya fitar da ɗakin kwana huɗu.

Ɗaki huɗu, ga tsoho ɗaya da kare. Duk ƙauyen Nether Colcombe sun san don wa aka yi aikin nan, ban da wadda aka yi dominta. 'Yarsa Bryony tana Landan da mijinta da yara biyu. Desmond so yake ta dawo gida da yaran, so mai hana shi cin abinci wani lokaci, kuma bai taɓa faɗa mata ba. A Colcombe yabon aikin hannunka abin kunya ne, roƙon ɗanka kuwa ya fi shi. In ta zo Kirsimeti ta ce, "Baba, gaskiya ka yi aiki," sai ya kaɗa hannu ya ce wahala ce kawai, gidan ma ya yi masa girma. In ya tambaye ta ya Landan, sai ta ce lafiya lau, suna jin daɗi. Shekara shida suna haka, har kowa ya gaskata ɗan'uwansa. Ranar da ya gaya mata a waya cewa ya sa gidan a kasuwa, tsakanin maganar ruwan sama da ta ciwon ƙafar kare ya cusa zancen. Sai ta ce, "To, Baba, in hakan ya fi maka sauƙi."

"Sha shayinka ka daina hura mini numfashi a gilashi," in ji Beryl. "Jiya na goge shi."

"Ba kallo nake yi ba."

"A'a, tagar ce ke kallonka. Desmond, ka ɗauki waya ka kira yarinyar nan."

"Tana da rayuwarta."

"Kai kuma kana da taurin kai, gadon ubanka. Shekara saba'in na san ka, ban taɓa jin ka nemi ko gishiri a teburi ba, sai dai ka ci lami ka ce ya yi daɗi."

Daidai nan wata mota shuɗiya ta tsaya a bayan ta dillaliyar. Ya san motar, ya san lotsawar da ke gefenta. Matar da ta fito ta tsaya a bakin shinge tana kallon gidan, hannunta ɗaya a wuya, tsayuwar Hazel sak. Desmond ya ajiye kofi bai duba inda ya ajiye ba, ya fita, kare na biye.

Ya tarar da su a zaure. Dillaliyar, Davina Lockyer, baƙuwa ce a yankin, watanta biyu da zuwa, ba ta san kowa da kowa ba. Mace ce mai ƙoƙari. Da kuɗinta ta sayo furen da ke kan teburi, ta kuma haddace tarihin gidan. Da ta ga Desmond sai ta ɗan harare shi, sannan ta gyara murmushi.

"Misis Kershaw, ga mai gidan, Mista Hallett. Ba a nan ya kamata ya kasance ba, amma tunda ya zo, ya zo. Mista Hallett, wannan ce baƙuwarmu ta ƙarfe uku, daga Landan."

Akwai ɗan lokaci, bai fi numfashi ɗaya ba, da ɗayansu zai iya cewa, ai 'yata ce, ai babana ne. Amma Davina na tsaye tsakaninsu da takardunta a ƙirji, fuskarta fal da murna, kuma faɗin hakan kunyata ta ne a bakin aikinta. Ba Hallett ɗin da zai iya wannan. Bryony, wadda Davina ta sani da sunan mijinta kawai, kunnuwanta sun yi jawur, ta miƙo hannu.

"Na ji daɗin ganinka, Mista Hallett."

"Sannu da hanya, Misis Kershaw. Kin sha cunkoso?"

"Ba laifi."

Karen ya je ya kwanta a kan ƙafarta yana kaɗa jela kamar zai tsinke ta. Davina ta ce wannan alama ce mai kyau.

Haka aka shiga zagaya da Bryony gidan da aka haife ta a ciki. Davina ta buɗe ƙofar gilashin, hasken la'asar ya cika kicin, ta sa Bryony ta cire takalmi ta ji ɗumin daɓe. Ta shafa matakalar tana yabo. Bakin Desmond ya motsa zai ce ai ba wani abu ba ne, sai ya tuna tun ranar farko Davina ta ja masa kunne: kada ya kuskura ya kushe gidan a gaban mai saye, in an tambaye shi ya faɗi gaskiya ya yi shiru. Dole ya tsaya ana yaba aikinsa a gaban 'yarsa, ba damar ya kaɗa hannu.

A ɗan ɗakin ajiye takalman ruwa, Bryony ta tsaya gaban maratayan riguna. Layi biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya daidai ƙugun babba. Ta sha ganinsu, ba ta taɓa tambaya ba.

"Mista Hallett, waɗannan na ƙasan fa?"

"Na yara ne," ya ce, idonsa a bango. "Don su riƙa rataye nasu da kansu. Motar makaranta a bakin coci take tsayawa, takwas da kwata."

"Kana da yara a gidan ne?"

"A'a. Na dai yi ne."

Davina ta ga dama ta samu. "Misis Kershaw tana da biyu. Kin ce wurinku ya yi muku kaɗan, ko?"

Bryony ta ɗauki lokaci tana mayar da takalminta. "Ɗaki biyu ne, hawa na uku. A baranda suke wasa, an kewaye ta da raga don kada su faɗo. Shekara huɗu muna maganar dawowa ƙauye ni da mijina." Ta miƙe. "Gaskiya gida ɗaya nake so tun can. Na wani dattijo ne da na sani. Ban iya tambayarsa ba, kada ya ga kamar gidan nake hari, ko ya ji dole ya ba ni don kunya. Na ce gara in bi ta hannun dillalai kamar kowa."

"Kin yi dabara," in ji Davina. "Harka da wanda aka sani ba ta da daɗi."

Desmond ya sunkuyar da kai yana kallon daɓen da ya ɗumama da hannunsa. Raga a baranda. Shi kuwa yana nan da lambu har rafi, yana ce mata ya yi masa girma. Haushin kansa ya kama shi, da wani farin ciki da ya ba shi tsoro.

Saura wuri ɗaya. A gefen gidan akwai tsohon shagon aikinsa, wanda Bryony ta sani cike da katako da ƙura, kullum a kulle. Davina ta buɗe. Babu katako yanzu. Ɗaki ne tsaf, da gadon mutum ɗaya, da ɗan murhu, da banɗaki mai ƙarfen riƙewa a bango, babu matakala ko ɗaya. A bakin taga ga kujerar Hazel, an sake mata yadi.

"Wannan sabo ne, bara aka gama," in ji Davina. "Ƙofarsa daban. Kina iya ba masu zuwa hutu haya."

Bryony ba ta ji ta ba. Ta dafa bayan kujerar.

"Mista Hallett, wa aka gyara wa nan?"

An ce ya faɗi gaskiya ya yi shiru. Ya share maƙogwaro.

"Wani tsoho ne. Ba ya cin wuri, ba ya surutu. Yana iya raka yara bakin mota da safe, in an bar shi."

"Baba," ta ce, muryarta ta karye.

Davina ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi karen. Mace ce mai hankali. Ta rufe takardunta a hankali, ta ce bari ta je ta duba wani abu a lambu, ta fita ta ja musu ƙofa.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ban so in dame ki ba. Ke fa?"

"Ban so in dame ka ba."

Suka tsaya, kujerar na tsakaninsu. Desmond ya gane tana jira ne, kuma yau babu dillaliyar da za ta faɗa a madadinsa. Maganar ta yi masa nauyi fiye da kowane katako da ya taɓa ɗagawa.

"Ku dawo gida, Bryony. Ina so ku dawo."

Ta gyaɗa kai, ta kifa fuskarta a kafaɗarsa. Ya ɗan bubbuga bayanta, don abin da ya iya ke nan. Can ya tambaye ta wa ta bar wa yaran a Landan.

"Ba Landan suke ba. Suna filin ƙwallo bayan coci da babansu. Na hana su zuwa, kada su tona ni."

"Suna nan cikin ƙauyen?"

"Tun ƙarfe biyu."

Desmond ya sake ta ya nufi ƙofa. Daga tagarta Beryl ta hango shi ya bi titin coci, mutumin da likita ya hana sauri, yana gudu.