Sai an Tambayi Yaya Borghild Sau Uku

Ranar da likita ya ce wa yayata Borghild bai fi wata shida ya rage mata ba, abin da ta ce masa shi ne, "To, ba laifi." Ciwon daji ya cinye mata ciki, amma wai ba laifi. Ni da na tuƙo ta zuwa asibitin sai na ji kamar in shaƙe ta kafin ciwon ya riga ni.

Haka muke a wannan lungu namu na arewacin Minnesota. In aka yi maka tayin kofi sai ka ce a'a. In aka sake, ka ce kada a wahala. Sai a karo na uku za ka ce, "To, rabin kofi, in dai an riga an dafa." Wanda ya karɓa a tayin farko, har jikokinsa sai sun ji labari. Ni Gudrun shekara ashirin da takwas na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta, bakina ba ya shiru, amma ko ni ban taɓa karɓar kofi a tayin farko ba.

Abu ɗaya Yaya ta nema: ta mutu a gidanta, a ɗakin da tagarsa ke kallon lambun dankali, a kan gadon da mijinta Einar ya cika shekara tara da suka wuce. Ɗanta tilo, Curtis, ya taso daga Minneapolis a ranar. Mutumin kirki ne, sai dai in wayarsa ta ce masa ana ruwa, ba zai leƙa taga ya duba ba.

Ya ce, "Mama, na yarda, amma da sharaɗi. Za mu ɗauko masu jinyar ƙarshe su riƙa zuwa gida suna rage miki raɗaɗi. In suka kasa shawo kan ciwon, zan mayar da ke gidan jinya kusa da ni. Inna Gudrun ba za ta iya ɗaga ki ba."

Gaskiyarsa, shekarata saba'in da shida, ga ciwon gwiwa. Ke nan zaman Yaya a gidanta ya rataya ne a kan wanda muka zaɓa. Ƙungiya biyu ce ke zuwa har garinmu, mu kuwa da launin motarsu muke kiransu: masu farar mota da masu koriyar mota. Curtis ya nuna mana wayarsa. Masu farar mota tauraro biyar gare su, masu koriya uku. A wurinsa magana ta ƙare.

Yaya ta ce, "Wa ya raba taurarin?"

"Iyalai ne. Bayan... bayan an gama, ana aiko musu takardar tambayoyi, su ba da maki daga sifili zuwa goma, sannan a mayar da makin taurari."

"Bayan na mutu za ka ce, bakinka ba zai ƙone ba. Wato wanda ya ci kek ɗin ba a tambayarsa, sai wanda ya riƙe faranti?"

Nan na san an taɓo inda yake mata ƙaiƙayi. Shekara talatin da ɗaya tana alƙalancin gasar girki a bikin baje kolin gundumarmu. Kek, jam, kokwamban kwalba, duk sai sun bi ta harshenta kafin a liƙa musu ƙyalle: shuɗi na ɗaya, ja na biyu, fari na uku. Matar fasto ma ta taɓa yin wata biyu ba ta gaishe ta saboda farin ƙyalle. Yaya ta ce in ɗauko mata allon makinta da fensir, kowace ƙungiya ta turo mutum ta gan shi da idonta.

Masu farar mota suka turo wani ma'aikacin jinya mai suna Tanner. Ƙarfe goma aka ce, ƙarfe goma ya danna ƙararrawa, fes da shi, ga littattafai masu ƙyalli a hammata. Ya shigo da takalminsa har kan darduma. Fensirin Yaya ya motsa. Na ce, "Ko za ka sha kofi?"

"Kai, na gode! A sa mini sukari cokali biyu."

Jama'a, tayin farko! Na kalli Yaya, Yaya ta kalli silin. Na kawo lefse, gurasar dankalin nan tamu, ya naɗe uku ya ce bai taɓa cin irinta ba. In faɗi gaskiya, ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Ya yi bayanin gado mai ɗagawa, da lambar da ake kira ko yaushe, da ranakun wanka, duk dalla-dalla, sai dai Curtis yake kallo yana yi. Can ya juyo ya ɗaga murya kamar an ce masa kurma ce.

"Kakata ta kaina, ciwon nan daga ɗaya zuwa goma, nawa ne?"

"Biyu."

"Madalla! Jaruma ce ke." Ya rubuta biyu, ya tattara ya tafi.

Washegari ta masu koriyar mota ta makara da minti ashirin. Ƙanƙara na narkewa, motarta ta kafe a taɓon hanyar gona. Sunanta Korpo Flomo, 'yar Laberiya, gajera kakkaura, ba littafi ko ɗaya sai tsohuwar jaka. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, sai ga babban yatsa ya leƙo ta hudar safa. Curtis ya ɗaga gira ya kalle ni. Na yi mata tayin kofi ta ce a'a, Anti, yanzu ta sha. Na sake, ta ce kada in wahala. A na uku ta ce, "To, rabi, in akwai a tukunya." Na ji fensirin Yaya yana gudu a kan allo.

Korpo ta dubi Yaya ta ce, "Mama Tveit, ciwon nawa ne yau?"

"Biyu."

Korpo ba ta rubuta komai ba. Sai ta kama hirar dankali, wane iri ake shukawa, yaushe ake tonowa. Yaya ta saki baki tana koyar da ita. Ana cikin haka Korpo ta ce, "Yanzu da kika jingina fa, nawa ne?"

"Ai kusan haka. Ko uku."

Korpo ta sha kofinta, ta yaba labule, ta tambayi hoton Einar. Sannan ta jawo kujera dab da gado, ta kalli hannun Yaya da ya damƙe bargo har jijiyoyi sun fito.

"Mama, labarin zuciya a tambayi fuska. Shekara goma sha biyu ina jinyar mutanenku, na san halinku sarai. Nawa ne?"

Yaya ta saki bargon, sannan ta ce, "To, takwas. Amma kada ki wahalar da kanki."

Saura kaɗan butar kofi ta suɓuce mini. Takwas! Wata uku ina kwana a gidan nan, kullum safiya sai na ce, "Yaya, ya jikin?" ta ce da sauƙi, ni kuma in wuce kicin. Sau ɗaya nake tambaya, ni da uwa ɗaya ta haife mu. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya cika ni, na shige kicin na yi ta wanke kofin da ba datti.

Da Korpo ta tafi na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Curtis jikinsa ya yi sanyi, amma ya kafe.

"Mama, na ga abin da ta yi. Amma mutum ɗaya ce, kuma ba kullum za ta zo ba. Ɗaruruwan iyalai ne suka cika takardar nan. In suna da kyau haka, me ya hana a ba su biyar? Ba zan sa ki a hannun tauraro uku in koma in yi barci ba."

Tambayar tana kan hanya. Yaya ta ciji fensirinta. Can ta ce, "Gudrun, su wa suka yi jinyar Einar?"

"Masu koriyar mota mana, tun kafin Korpo ta fara zuwa nan ɓangaren."

"Ya suka yi?"

"Ke da bakinki kika ce ko 'ya'yan cikinsa sai haka."

"Nawa na ba su a takardar?"

Ni na kai takardar gidan waya, don haka na sani. Na ce, "Bakwai. Kika rubuta a ƙasa wai ba laifi." Na ƙara da cewa, "Laifi tudu ne, Yaya."

"Rufe mini baki ki kira mini Alfhild da Myrtle, su biyo ta nan in an tashi daga coci."

Ranar Lahadi zawarawan biyu suka zo da hulunansu na coci, suka ƙi kofi sau biyu-biyu, suka zauna. Yaya ta sa Curtis a kujerar tsakiya kamar mai laifi a gaban alƙali.

"Alfhild, ya masu koriyar mota suka yi da mijinki Palmer?"

Idon Alfhild ya kawo ruwa. "Ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, a kan taraktar maƙwabci mai jinyarsu ta zo da maganinsa. Har in mutu ba zan manta ba."

"Nawa kika ba su?"

"Bakwai mana."

Curtis ya ce, "Bakwai, Gwaggo Alfhild? A kan tarakta fa kika ce!"

"To ɗan nan, goma ai ta Allah ce. Tara kuma sai kansu ya kumbura su lalace."

Myrtle ta sunkuyar da kai tana murza jakarta. Da aka matsa mata sai ta ce ita takwas ta bayar, amma lokacin ba ta cikin hayyacinta, kuma don Allah kada maganar ta fita.

Yaya ta juya ga ɗanta. "Ka ji taurarinka. Masu farar mota yawancin aikinsu a birni ne, wajen mutanenku da ke ba mai kawo abinci goma don bai zubar da miya ba. Su kuwa waɗannan bayin Allah mu suka samu. Mu muka cinye musu tauraro biyu, da ni a ciki."

Curtis ya fashe da dariya har yana dukan gwiwa, dariyar ta juye ta zama kuka, zawarawa suka kama kallon labule don kada ya ji kunya. Ranar Litinin ya sa hannu a takardun masu koriyar mota.

Cikin kwana uku Korpo da likitansu suka sauko da ciwon daga takwas zuwa uku na gaskiya, aka daina zancen Minneapolis. Ba wai ba su da aibu ba. Makara kam halinsu ce, gadon da suka kawo ma ƙara yake kamar tsohuwar motata har Yaya ta koma kan nata, duk ta rubuta. Amma duk wadda suka turo, ko mai wanka ce, sai ta tambaya sau uku. Ni ma na koya. Curtis kuwa in ya bugo waya sai ya ce, "Mama, ya jiki, ya jiki, ya jiki?" a numfashi ɗaya. Ta ce masa wannan maguɗi ne, ba za a lissafa ba.

A watan Satumba rai ya yi halinsa, da la'asar, taga a buɗe. Curtis yana lambu yana tonon dankali, yana sare rabi da shebur. Maganarta ta ƙarshe ita ce in gaya masa da cokalin haƙa mai yatsu ake yi. Kafin in dawo daga bakin taga ta tafi, a kan gadonta, Korpo na riƙe da hannunta.

Bayan wata biyu takardar tambayoyin ta iso da sunana. Na je neman fensir a allon makinta, sai na ga ambulan an maƙale a baya, an rubuta "Gudrun". A ciki akwai ƙyalle biyu da 'yar wasiƙa: "Ki zagaye goma. Na san hannunki zai yi gardama. In Alfhild ta ji, ki ce magani ne ya bugar da ni. Shuɗin na Korpo ne. Jan naki ne, don kin gyara daga baya."

Ja! Ta mutu ma ba ta fasa ba. Na zauna da fensir, hannuna ya tafi kan bakwai da kansa na janye shi, ya tsaya a takwas na ture shi. Da ƙyar na zagaye goma, na liƙe ambulan da sauri kamar mai ɓoye kayan sata.

A makon Korpo ta biyo, don suna leƙa waɗanda aka bari. Na miƙa mata shuɗin ƙyallen ta ce a'a, Anti, aikinta ne. Na sake, ta ce a ba Curtis ya ajiye. A na uku ta karɓa da hannu biyu, ta sa a aljihun ƙirji. Sannan ta ce, "Anti Gudrun, ya kike?"

"Lafiya lau."

Ta sha kofinta, ta tambayi dankalin bana. "Kina cin abinci kuwa? Ya zaman?"

"Ba laifi."

Sai na ji ƙarar kujera tana jawo ta kusa da ni. Na ce mata, "Kada ki soma, Korpo. Na san wannan dabarar, a gabana kika yi ta."

Ta ce, "Na sani, Anti. Ya kike?"

Na ce mata har yanzu kofi biyu nake zubawa da safe, sai na kai bakin ƙofar ɗakin nake tunawa ba ta nan. Korpo ta zauna tare da ni har kofin ya huce, ko agogo ba ta duba ba.