Fiyus ɗin Kawu

Mijin yayata ne ya aiko min da amfulifayar jita, na'urar ƙara sauti, daga ƙasar da yake aiki. Ta iso a kan gaɓa, don shugaban ƙungiyar makaɗan da nake ta bi ya ce in zo gwaji ranar Asabar. "Ka zo da amfulifayarka," in ji shi, "ba ma ba da aro."

Matsalar ɗaya ce. A bayanta an rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka ɗari da goma ne, wutarmu kuwa ɗari biyu da ashirin ce. Na ɗauki hoton rubutun na kai wa mai gyaran rediyo na bakin titinmu. Ko kallona bai yi ba, yana ta narka dalma.

"Za a sake haɗa wayoyin taransfoma, a canza fiyus. Ka kawo gobe. Kada ka jona ta, ko da wasa."

Da na dawo gida na faɗa wa Mama, Kawu na zaune yana ji. Ƙanenta ne, ya zo mana kwana biyu tun bara. Babu sana'ar da bai iya ba a baki. Shi ya gyara mana fanka, yanzu sai an tura ta da sanda take juyawa.

"Taransfoma?" Ya yi tsaki. "Ɗana, raina maka hankali za a yi. Wuta ai wuta ce. Kan filogin ne kawai bai dace da soket ba."

"Kawu, don Allah a bar ta."

"To, na bari. Ku yaran yanzu kun fi kowa sani."

Na tura ta ƙarƙashin gado na fita sayen tsirkiyar jita. Da na dawo, tun daga ƙofa na ji wari kamar an ƙona roba. Na tarar da Kawu a ɗakina, ya tsugunna, wuƙar Mama a hannu, tsohon filogin yashe a ƙasa kamar kan kaza. Hayaƙi na fita ta ramukan bayan amfulifayar, siriri, ba ya ko sauri.

"Kawu, me ka yi?"

"Na sa mata filoginmu. Ina jonawa fiyus ya tsinke. Fiyus ɗinsu na can rago ne, bai saba da wuta mai ƙarfi ba." Ya nuna min kwalin sigarinsa da ya farke. "Sai na naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin. Haka muke yi wa mita tun ba a haife ka ba."

Wato abu ɗaya da ya tsaya ya kare ta, shi Kawu ya ga ya kamata a yi wa magani.

"Ta yi ƙara kuwa," ya ce yana fifita hayaƙin da hularsa. "Da ka ji ta. Ƙara mai kyau."

Washegari mai gyara bai ko kwance ta ba. Ya kai hancinsa, ya shinshina, ya turo min ita. "Taransfoma ta dahu. Wane gwani ne a gidanku?"

Ranar Asabar na je da jita tsirara. Mai ganga na saukar da sanda ɗaya, ko ni ban ƙara jin kaina ba. Shugaban ya ce yatsuna suna da kyau a ido. Ya ɗauki wani mai fuska kamar bai farka ba, wanda bai iya komai ba sai waƙa biyu, amma amfulifayarsa na kamawa.

Yanzu tawa tana tsakar gida, Kawu na ɗora butarsa a kai. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ita.

"Ka ga kayan waje? Kyan gani kawai. Allah ya sa ni na fara gwadawa, da yaron nan wuta ta kama."